Haihuwar Gudale ta Uku

Azare,
farkon watan Rajab.

Zuwa ga Alhaji Bappayo, Bafillatanina na Katagum.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida Goggo, da 'yarka Saliha, da 'yan shanun da suka rage maka. Mu nan lafiya ƙalau, matata Ya Gana tana gaishe ku. Ga takarda na bayar a tasha kamar kullum, tunda har yau kana nan a kan bakanka cewa maganar waya iska ce.

Albishirinka, kuma farin goro nake so. 'Yata Ihsan ta saya mini mota. Ihsan ɗin da ka sani, mai kuka in ba a ɗora ta a kujerar gaba ba, yau ga ta ma'aikaciyar magani a Bauchi. Ranar Juma'a ta zo da mijinta, ta durƙusa ta sa mini makulli a tafin hannu. Ban san sa'ad da hawaye ya zubo mini ba, ni da gemuna.

Kamri ce, baƙa wuluk, irin wadda samari suke kira Masul, wai mai ƙwanji, don kafaɗunta sun cika kamar na ɗan dambe. Alhaji, a yaba wa wanda ya zana motar nan. Layi ɗaya ya ja tun daga fitilar gaba har ta baya, bai ɗaga alƙalami ba. Kujera kuwa in ka zauna sai ka ji ba ka son tashi. Aibinta ɗaya a wurina, ba ta da murya. Ranar farko sau biyu na murɗa makulli, ashe tun ɗazu ta tashi.

Jiya a majalisarmu ta garejin Malam Babayo, ƙarƙashin darbejiya, musu ya kaure a kan sunayen motoci. Babayo ya ce a zamaninmu aikin mota ko kukanta ke ba ta suna, a-kori-kura, kiya-kiya, amma yaran yanzu sunan fariya suke so. Ya kawo misali da wata Honda da suka laƙaba wa suna da Turanci, wai Magana Ta Ƙare. Ba a jima ba aka fito da ƙanwarta, dole suka haɗiye yawu suka ce Magana Ta Ci Gaba. Ni na ce duk wanda ya ce magana ta ƙare a kan mota, bai taɓa zama a majalisarmu ba.

Kada ka zaci sabuwar ta kori Gudale daga rumfa. Kamri a rana take kwana, Gudale a inuwa. Na jera su na ja da baya na duba, kuma wallahi tsohuwar Fijo 504 ɗin nan, haɗin Kaduna, ruwan madara, da dogon bayanta da zakinta a goshi, har gobe ita ce mota. Waccan kyakkyawa ce, wannan kuwa mai kwarjini. Kai ka sa mata sunan saniya muka yi ta yi maka dariya, ga shi sunan ya bi ta, duk Azare ba mai ce mata Fijo. Kuma ita in ta tashi, ana jin ta tun daga bakin layi. Ka tuna kana cewa ko cikin mota ɗari za ka gane kukanta.

Yanzu dai gidan Babarbarenka mota uku, ban da Gudale. Sai ka zo ka ga arziki.

Allah ya bar zumunci. Naka, wanda ya fi ka iya tuƙi,
Abbas.

*

Katagum,
tsakiyar Rajab.

Zuwa ga bawana Abbas.

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso, mun yi murna ƙwarai. Allah ya yi wa Ihsan albarka, ya ba ta masu yi mata. Allah ya tsare ka da sharrin ƙarfe. Ka gaida Ya Gana da 'yan majalisa.

Na ji yabon Masul. Mota mai ƙwanji a hannun tsoho mai ciwon gwiwa, to madalla.

Ka ce gidanka mota uku ban da Gudale. Da bakinka ka ƙirga, ba ni na ƙirga maka ba. Bari in tuna maka abin da ka sani, don Babarbare in ya ƙoshi mantuwa yake yi.

Shekarar da bas ɗinka ta ƙone a hanyar Shira, ka zauna a gida ba ka ko fita masallacin Juma'a don kunya. Na tuƙo Gudale na zo. Ka san yadda na same ta. Bijimai na sayar, mahaifina ya yi damina guda ba ya amsa gaisuwata, wai na musanya jini da ƙarfe. A tsakiyar tashar Azare na ɗaura igiyar saniya a bambarta, na miƙa maka ƙarshen igiyar, direbobi suna ta dariya. Na ce maka a wurinmu sunan wannan haɓɓanaye. In ɗan'uwa ya rasa dukiya ba a ba shi sadaka, saniya ake ɗaura masa. Ya sha nononta, ya riƙe ta har ta haihu sau uku. 'Ya'yan nasa ne halak malak. Uwar kuwa ta koma gida, don a ɗaura wa wani. Ka riƙe igiyar ka ce ka yarda.

Ka yi jigila da ita tsakanin Azare da Gamawa, ta haifa maka Golf. Ta sake haifa maka Sharon ɗin da direbanka Abdurrahim yake ja maka. Daga nan sai haihuwa ta tsaya cak. Ya Gana ta taɓa gaya wa Goggo cewa duk dillalin da ya kawo maka mota mai kyau, sai ka zagaya ta ka ce fitilunta suna yi maka kallon banza. Na ji, na yi dariya, na ƙyale ka. Ni ma na san daɗin Gudale, kuma a lokacin ba wanda yake jiran ta.

Yanzu akwai mai jira. Jumare, ɗan ƙanena marigayi, na wajen Sakwa. Ambaliyar bara ta ci gonarsa, cuta ta biyo baya ta share masa garke. Mutum mai mata da 'ya'ya, yau dako yake yi a kasuwar Gamawa, yana rufe fuska da rawani kada a gane shi. Ya iya tuƙi, ni na koya masa, yana da lasisi. Fulako ba zai bar shi ya karɓi kyauta ba, amma haɓɓanaye zai karɓa, don ba abin kunya ba ne.

In za ka ce Kamri ba 'yar Gudale ba ce, sai ka gaya mini da nonon wa aka yi wa Ihsan karatu.

Gudale ta yi haihuwa ta uku, Abbas. Ina barka, kuma ina jiran uwar.

Wassalam. Ubangidanka,
Bappayo.

*

Azare,
ƙarshen Rajab.

Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Goggo da Saliha. Allah ya mayar wa Jumare da alheri, labarinsa ya taɓa ni.

Takardarka ta hana ni cin tuwo. Da farko, ƙarya ake yi mini. Motocin da dillalai suka yi ta kawowa da gaske fitilunsu ba su yi mini ba, kuma mutum ba ya sayen motar da take harararsa. Ya Gana kuwa zan ji dalilin da ya sa take kai hirar gidana Katagum.

Na kai maganar majalisa. Malam Babayo ya ce a iya saninsa Kamri jika ce, ba 'ya ba, don Gudale ta yi Ihsan, Ihsan ta yi Kamri. Rabin majalisa suka bi shi. Sauran suka ce ko jika ce ai daga tsatso ɗaya take. Aka yi ta yi har la'asar, mai shayi ma ya sa baki. Na dawo gida da ƙarfina na gaya wa Ya Gana hujjar Babayo. Ko ɗaga kai ba ta yi daga tsintar shinkafa ba, ta ce, "Malam, ranar da aka miƙa maka igiya ba ka kai ta majalisa ba."

To, na bar hujja. Bari in roƙe ka.

Alhaji, Gudalen da ka sani ba ita ce ta yau ba. Tun da Sharon ta kama aiki na sauke ta daga hanya. Na sake mata fenti irin nata na asali. Kujerun nan uku na kai an ɗinke su da fata. Zakin goshinta da ya faɗi, sai da na yi yini guda a Ƙofar Ruwa a Kano ina tona tarkace kafin na samo irinsa. Giyarta tana nan a jikin sitiyari, tana shiga kamar cokali a man shanu. Ranar Juma'a kaɗai nake fito da ita, samari masu manyan motoci su tsaya suna ɗaukar hoto da ita. Wani ya taso tun daga Abuja don ya saya, na ba shi ruwa ya sha, na ce kada ma ya faɗi kuɗi.

Wannan ce za a ɗora wa buhunan gero da awaki da jarkokin nono, a bi yashin Sakwa da ita? Kafin damina ta zagayo fatar kujerun ta tsage, zakin ya sake faɗuwa a wani kwazazzabo.

Ina son motar nan, ba na jin kunyar faɗa. Ita ta fitar da ni daga ɗaki lokacin da na ɗauka tawa ta ƙare. A cikinta na kai mahaifiyata asibiti tafiyarta ta ƙarshe, kanta a cinyar Ya Gana. Takardunta da sunanka suke, ban taɓa musu ba. Amma wanda ya san tarin mota da atishawarta shekara da shekaru, shi ma ai yana da wani abu a cikinta.

Ga shawara. A ba Jumare Sharon. Ta fi Gudale ƙuruciya, ta fi ta ɗaukar fasinja, kayan gyaranta ko'ina akwai. Ka ɗaura mata igiya ka kira ta duk sunan saniyar da ka ga dama.

Af, na ga rubutunka ya yi kyau kwanan nan. Da can kamar kaza ta bi ta kan takarda, yanzu kuwa layi a miƙe. Ko makarantar yaƙi da jahilci ka koma?

Ina jiran amsa, kuma ka tausaya wa bawanka.
Abbas.

*

Katagum,
Sha'aban.

Abbas,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, muna gaida gida. Ka ce wa Ya Gana Allah ya ƙara mata daraja.

Sharon ba tawa ba ce, ba zan ɗaura abin da ba nawa ba. 'Yar saniya ta mai riƙo ce, haka aka gada. Kuma Abdurrahim a jikinta yake ci da iyalinsa. Ba a kwance wa wani zane don a rufa wa wani asiri. Ban da haka cikinta a ƙasa yake, ita 'yar kwalta ce, ba a yi ta don yashin Sakwa ba.

Wanda ya zana Fijo kuwa, ko bai taɓa zuwa ƙasarmu ba, kamar ya yi kiwo. Ya ɗaga mata gindi, ya ba ta dogon baya, ya yi inji wanda bakaniken ƙauye zai buɗe ya gane. Na sha tsallake ruwa da ita har ƙofa, da mutum takwas da tunkiya. Kyanta a nan yake. Ka ce ka yi mata fenti da kujerun fata, na gode, na san ka riƙe amana fiye da yadda zan riƙe. Sai dai mu ba ma tsayar da saniya a rumfa muna goge mata ƙaho.

Duk da haka ba zan ja igiya da kai ba. Na karanta abin da ka ce game da mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta. Mun tsufa, ba mota ce za ta shiga tsakaninmu ba. Ka riƙe Gudale, na bar maka. In ka ga dama ka aiko a sa hannu a mayar da takardun sunanka. Jumare kuwa na san yadda zan yi da shi.

Rubutu, tsufa ne ya gyara shi.

Allah ya kai mu azumi lafiya. Wassalam.
Bappayo.

*

Katagum,
Sha'aban.

Zuwa ga Bappa Abbas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bappa, ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna Ya Gana da Yaya Ihsan. Ni ce Saliha. Ka gafarce ni da na rubuto maka ba da sanin Baba ba. In ya ji zai yi faɗa, amma na gwammace faɗansa.

Ka tambayi rubutu. Nawa ne. Tun bayan Sallar layya idon Baba ya tafi. An kai shi asibiti, likita ya ce an makara. Ya hana a gaya wa kowa a Azare, musamman kai, wai Babarbare zai samu abin tsokana har ƙarshen rayuwarsa. Ni nake karanta masa takardunka, shi ya faɗa in rubuta. Inda ya ce maka ya karanta, ni na karanta. Da na zo wurin Magana Ta Ƙare ya yi dariya har ya ƙware, ya sa na maimaita. Ya kuma sa na nemo hoton Masul a waya na bayyana masa ita tun daga fitila har but. Ya ce lalle mai zanen ya iya, amma kada in gaya maka.

Yanzu aikinsa zama a dakali a ƙofar gida, kunnensa a titi. Kowace mota ta wuce sai ya faɗi sunanta, kuma da wuya ya kuskure. Har yakan ce wannan Golf ce salansarta ta fashe, waccan direbanta yaro ne, ba ya tausayin kuloci. Fijo ba ta cika wucewa ba yanzu. Kwanaki wata ta taho daga wajen kasuwa, ina zaune kusa da shi. Sai na ga ya dafa sanda ya miƙe tsaye. Ya saurara har ta zo daidai gidan, sa'an nan ya koma ya zauna ya ce, "Ba ita ba ce."

Ranar da ya sa na rubuta cewa ya bar maka, da na gama ya ce in karanta masa. Na karanta, ya ce ya yi, in rufe. Bai ci abincin rana ba.

Abin da ya ce ya san yadda zai yi da yayana Hamma Jumare, ga shi. Saniya ɗaya ta rage mana mai tatsa, kuma tun da ya yi ciwo fura da nononta kaɗai ke zama masa a ciki. Ita zai ɗaura masa. Ya riga ya aika wa Hamma Jumare ya zo ranar Alhamis mai zuwa bayan azahar. Goggo ta yi magana, ya ce shi da aka sani da ɗaurawa ba zai ga ɗan ƙanensa yana dako ya ce ba shi da abin ɗaurawa ba. Kuma Bappa, ka fi ni sani, saniya ɗaya kafin ta tayar da gida yaran Hamma Jumare sun girma a wahala.

Ba roƙonka nake yi ka dawo da mota ba. Baba ya bar maka, kuma maganarsa ɗaya ce. Ni ban ma san Gudale sosai ba, ina goye aka tafi da ita, sai labari. Kullum in yana ba da labarin, ba ya cewa motata. Cewa yake yi tana wurin Abbas tana kiwo. Na ga dai bai kamata amininsa ya yanke shawara bai san abin da ke gidan ba.

Allah ya ƙara girma, ya ja kwana. A yafe mini in na yi rashin kunya.

'Yarka,
Saliha Bappayo.

*

Azare,
Talata.

Saliha 'yata,

Wa alaikis salam. Allah ya yi miki albarka. Ba ki yi rashin kunya ba.

Ki ce wa Goggo kada a kwance saniyar nan daga turkenta. Jumare ya zo ranar Alhamis kamar yadda aka ce masa, amma ya taho da lasisinsa. Jiya Malam Babayo ya cire wa Gudale kujerar baya don buhu ya samu wuri, ni na riƙe masa sifana. Igiyar tana nan, tun ranar da aka ba ni take ƙarƙashin kujerar direba. Zan taho da ita, mai ita ya miƙa da hannunsa.

Ki sa a kama mini kujerar gaba a motar Azare ta yamma, don komawa gida. Rabona da zama fasinja har na manta yadda ake yi.

Kada ki gaya wa Bafillatanin nan komai. Ranar Alhamis da hantsi ki fitar da shi dakali, ki zauna kusa da shi, ki riƙe masa sanda. Ba zan yi hon ba. Ta wajen kasuwa zan shigo, a giya ta biyu, a hankali.

Ya ce ko cikin mota ɗari zai gane ta. To, mu gani.

Bappanki,
Abbas.